Kulonis, garin da furen zare ya sayi cimaka

Labarin wannan wata daga nesa ya fito.

A ƙasashe da yawa yanzu mata da ƴan mata suna wata saƙa ta ado. Da allura guda ake yin ta, mai ƴar ƙugiya a baki. Ita ake ce ma kwarashi, irin wadda ake saƙa hular jinjiri da ita. Mace ta samu zare mai launin jar ƙasa, ta saƙa ƴar tukunya da ba ta wuce kofin shayi ba. Ta cusa mata auduga har ta tsaya. Ta naɗe ɗan guntun waya da koren zare, ya zama kara. Ta saƙa ganye biyu, ta saƙa fure, ta ɗinka a kai. Daga ƙarshe ta saƙa ɗan kudan zuma, layi ruwan ɗorawa, layi baƙi, fukafukai farare. Ta ɗora shi bisa furen kamar ya sauko shan ruwansa. Sai a aje a taga ko bisa teburi.

Manomi in ya gani zai yi dariya. Fure ne da ba ya ƴaƴa. Kudan zuma ne da ba ya zuma. Ko akuya ba ta kula shi. To, me amfaninsa?

Akwai wani ƙaramin gari a Turai inda ba a yi ma furen zare dariya. Can, a shekarun yunwa, ya sayi cimaka ma gidaje masu yawa. Sunan garin Kulonis, cikin ƙasar Irlanda.

Hanyar zuwa

Irlanda tsibiri ce, wato ruwan teku ya kewaye ta ko ta ina. Tana yamma da Ingila. Faɗinta duka kamar jihar Maraɗi sau biyu ne. Babban birninta Dabilin, yana bakin teku wajen gabas.

Mai zuwa Kulonis daga Dabilin arewa maso yamma zai nufa. Tafiyar kamar kilomita 130 ce, kusan tsakanin Maraɗi da Tasawa. Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne kore. Ko ina ciyawa. Babu rani irin wanda aka sani a Nijar. Ruwa yana sauka kowane wata, galibi yayyafi, kuma a shekara yana kusan kai milimita 1,000. Rana ba ta da zafi, saboda haka ƙasa ba ta bushewa. Makiyayi ba ya tafiya neman ciyawa ko rijiya. Shanunsa suna cikin gonarsa, an kewaye ta da shinge na itace mai rai. Aikinsa shi ne yankan ciyawa ya aje ma lokacin ɗari.

In aka shiga yankin Monahan, inda Kulonis take, hanya sai ta fara murɗe-murɗe. Ƙasar tuddai ce ƙanana, masu santsin baya, ɗaya na bin ɗaya kamar ƙwai cikin kwando. Tsakanin tudu da tudu akwai tabki ko fadama. Gonakin ƙanana ne. Yau mutanen yankin sun shahara da kiwon shanu da kiwon kaji.

Garin kansa bisa tudu yake. Mutanensa ba su kai 2,000 ba. Akwai ƙauyukan kanton da suka fi shi jama'a. Tsakiyar gari fili ne mai gangare, nan kantuna suke, nan kuma wani tsohon gicciye na dutse yake tsaye, an sassaƙa hotuna jikinsa. Ƙasa kaɗan, cikin tsohuwar maƙabarta, akwai hasumiyar dutse mai kewaye. Ta kai shekara dubu. Kanta ya faɗi, amma abin da ya rage ya kai mita 23, ya kusa hasumiyar masallacin Agadas. Wani malamin Kirista mai suna Tiyarnak ya kafa zangon ibada a wurin, ya rasu wajen shekara ta 549. Gari ya taru kewaye da zangon.

Kulonis garin iyaka ne. A 1921 aka raba tsibirin biyu. Arewa ta zauna hannun Ingila, sauran ta samu mulkin kanta. Layin ya bi ta bayan garin, ya raba shi da ƙauyukan da ke cin kasuwarsa. Aka kafa duwan. A 1957 jirgin ƙasa ya bar ɗaukar fasinja a nan. Lokacin rikicin arewa, daga wajen 1970, soja suka toshe ƙananan hanyoyi da yawa, har manomi ya yi doguwar kewaya kafin ya kai gonar da yake hange daga ƙofar gida. An yi sulhu a 1998. Yanzu ba mai tsaida kowa. Hanyar da ta tashi daga Kulonis zuwa garin Kaban tana ƙetare iyaka sau huɗu cikin ƴan kilomita. Kuɗi dai biyu ne, yuro a nan, fam a can. Mutanen Ɗan Isa da na Magarya, masu sefa aljihun dama naira aljihun hagu, sun san wannan zama.

Yunwar da ruwa ya kawo

Kowace al'umma tana raɗa ma yunwarta suna. A ƙasar Hausa an yi Kakalaba a 1913 da 1914, an yi El Buhari a 1984. Mutanen Irlanda, tasu suna ce mata Babbar Yunwa kawai. Ta fara a 1845, ba ta saki ba sai wajen 1852.

A lokacin ƙasar duka tana hannun Ingila. Gonaki na ƴan tsirarun masu ƙasa ne, wasunsu ma a Ingila suke zaune. Talaka haya yake. In ya noma hatsi ko ya kiwata alade, na biyan haya ne. Abin da zai ci shi da iyalinsa, dankalin Turawa ne, wanda a Nijar ake ce ma kwambitar. Ɗan fili kaɗan yana ba da shi mai yawa. Da safe shi, da rana shi, da dare shi, a haɗa da ɗan nono in akwai. Ƙato mai aikin ƙarfi yana iya cin kilo 6 a yini. Mutum kusan miliyan 3 ba su da wata cimaka in ba shi ba. Kuma mafi yawansu iri guda suke shukawa.

A Monahan akwai wata masifa da ta riga wannan. Da can gidaje suna noma wani tsiro da ake fidda zaren lilin daga jikinsa. Aikinsa kamar na rama ne: a jiƙa, a ɓare, a fidda zare. Mata su kaɗa, maza su saƙa. Da shi ake samun ɗan kuɗin kashewa. Wajen 1830 injinan kaɗi suka kafu a birnin Belfas. Zaren inji ya fi araha. Kaɗin hannu ya mutu. Aka bar mata da hannu mai gwaninta, babu abin yi.

Sai ga ciwon dankali. Fari bai kawo shi ba, laima ce ta raine shi. Wata irin funfuna ce da iska ke ɗauka, ta ƙetaro teku daga wajen Amurka. Tana son sanyi da yayyafi. Manomi zai kwana gonarsa kore shar. Kwana kaɗan ganye ya yi baƙi, gona ta ɗau wari. In ya tona, dankali ya ruɓe cikin ƙasa. Wanda aka tona lafiya aka aje, shi ma ya ruɓe cikin rami. A 1845 an yi asarar wajen kashi ɗaya cikin uku. A 1846 kusan duka ya tafi. A 1847 ciwon ya yi sauƙi, amma mutane sun riga sun cinye iri, ba a shuka abin kirki ba. Duk manomi ya san abin da cin iri ke nufi. A 1848 ciwon ya komo.

Abin takaici, cikin shekarun nan jiragen ruwa ba su bar fita da hatsi da shanu zuwa Ingila ba. Cimaka tana kasuwa, kuɗin saye ne babu. Gwamnati ta sayo masara daga Amurka, ta buɗe aikin hanya, daga baya ta raba dafaffen abinci. Bai isa ba, kuma ya zo a makare. Wanda ya kasa biyan haya, aka fidda shi aka rushe ɗakinsa. Zazzaɓi da gudawa sun kashe mutane fiye da yunwar kanta. Mutum wajen miliyan 1 suka mutu. Fiye da miliyan 1 suka shiga jirgi suka bar ƙasar.

Ƙidaya ta nuna abin da ya samu Monahan. A 1841 mutum 200,000 ne. A 1851 sun koma 142,000. Har yau yankin bai cike gurbin ba. A ƙidayar 2022 mutum kamar 65,000 aka samu.

Matar limamin coci

A 1847, shekarar da ta fi kowace muni, aka turo sabon limamin coci Kulonis, sunansa Tomas Hand. Matarsa Kasandara ɗiyar babban gida ce a Ingila. Ta tarar da abin da ta tarar.

Sadaka tana ƙarewa. Ita sai ta nemi abin da mace za ta yi cikin ɗakinta, da jari kaɗan, wanda ruwan sama da ciwon gona ba su taɓa shi. Ta san kuma abin da matan attajirai na Ingila ke zuba ma kuɗi, don cikinsu ta tashi. Leshi ne. Cikin leshin da ke da daraja ƙwarai a lokacin akwai na birnin Benis, a Italiya. Da allurar ɗinki ake yin shi, ɗinki bisa ɗinki, har ɗan ƙyalle ya ci watanni. Amma an gano ana iya kwaikwayonsa da kwarashi cikin lokaci kaɗan ƙwarai. A kudancin Irlanda, wajen birnin Kok, matan coci sun riga sun fara koya ma ƴan mata. Kasandara ta sa aka turo mata malama daga yankin Kildar. Aka fara koyo. Wadda ta iya ta koya ma maƙwabciyarta. Cikin ƴan shekaru an ƙiyasta masu saƙa 1,500 a Kulonis da kewaye. Ita kuma ta riƙa tattara aikin tana aika ma mutanen da ta sani a Ingila.

Kayan aikin ba su da yawa. Zaren auduga fari, siriri kamar na ɗinki. Sai kwarashi. Wadda ba ta da kuɗin saye, sai ta samu allurar ɗinki, a karya gefen kafarta ya zama ƙugiya, a kafa tsinin cikin ɗan icce ko toshiyar kwalba. Shi ke nan.

Ga yadda ake furen. A fara da ƴar sarƙa ta zare, a haɗa bakinta ta zama zobe. Kewaye da zoben a saƙa ƴan kunnuwa biyar ko shida. Bayansu a ƙulla wata sarƙa, a saƙa wasu kunnuwan da suka ɗara na farko girma. Bayan waɗannan kuma wasu. Furen sai ya taso hawa uku, kamar na gaske. In ana son ganye ya yi kauri ko kara ya lanƙwasa, akwai dabara. Ana shimfiɗa zare mai kauri, a yi saƙa bisansa har ya ɓace ciki. In aka ja wannan zaren na ciki, ganye ya tanƙwara. In aka sassauta, ya miƙe. Da haka suke fidda fure, da ganye, da nonon inabi, da wani ɗan ganye mai kunne uku wanda shi ne tambarin ƙasarsu.

Ba mutum guda ke gama riga ba. Wannan gida fure suke yi. Wancan ganye. Yara suna yin masu sauƙi, uwa tana yin masu wuya, har maza sun shiga. Kowane gida yana riƙe da asirin nasa fure. In baƙuwa ta yi sallama, sai a tura aikin ƙarƙashin zane, don kada ta ƙirga ɗinkin da ido. Ba rowa ba ce. Furen nan shi ne rumbun gidan.

Sa'an nan a kai ma gwanayen haɗi. Su suke yanka takarda ko ƙyalle daidai siffar wuyan riga. Su jera furanni da ganyaye a kai, su kama su da ɗinki. Sai su cike tsakani da raga ta zare. In an gama a warware ɗinkin, a cire takardar, leshi ya tsaya da kansa.

Cikin ragar nan alamar garin take. Wani ɗan ƙulli ne, ana ce mashi ƙullin Kulonis. Mai saƙa tana juya kwarashi gaba da baya, tana ɗora zare bisa zare kamar sau goma, sai ta zaro ƙugiya ta cikinsu duka baki ɗaya. Ya dunƙule kamar ƙwayar gero. In hannu ya yi tsauri, ƙugiya ta maƙale. In ya yi sako-sako, ƙulli ya watse. Masana leshi ko a Pari suka ga ƙullin nan sun san inda aka yi aikin.

Aikin da ganin ido yana da kyau, amma mai yin shi ta sha wuya. Ɗakunan talakawa ƙanana ne, masu duhu. Makamashinsu baƙar ƙasar fadama ce, a yanka, a shanya, a ƙona kamar busasshen kashin shanu. Hayaƙi ke nan kullum. Ga zare fari fat, in ya yi dauɗa mai saye ya rage kuɗi. Dole a wanke hannu, a naɗe aikin cikin tsabtataccen ƙyalle. Lokacin bazararsu da sauƙi, don rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, mata su zauna ƙofar ɗaki. Lokacin ɗari kuwa ƙarfe 4 na la'asar duhu ya yi. Sai kyandir. Masu leshi a Turai suna da wata dabara, su aje kwalba cike da ruwa gaban wutar don haske ya taru wuri guda. Duk da haka idanu da yawa sun lalace.

Gaskiya kuma, saƙa ba ta kori yunwa daga Irlanda ba. Ta zo bayan an binne mutane da yawa. Mutum 1,500 kaɗan ne cikin 200,000. Amma gidan da ta shiga, an sayi garin masara, an biya haya, ba a rushe ɗaki ba. Wasu ƴan mata da kuɗin saƙa suka biya jirgi zuwa Amurka, suka tafi da kwarashinsu.

A 1859, bisa ƙoƙarin Kasandara, aka gina lakkol ta ƴan mata da ƙananan yara a garin. Ta rasu a 1868. Ginin yana nan, ana kiransa da sunanta.

Kasuwa mai nisa

Da farko manyan mata sun raina wannan leshi. Suna cewa kwaikwayo ne, na talakawa. Da aka ga Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta karɓe shi, raini ya ƙare. Ita kanta sarauniyar ta iya kwarashi, har a 1900 ta saƙa mayafan wuya 8 aka ba wasu sojojinta.

Daga wajen 1880 zuwa 1910 kasuwa ta buɗe sosai. Ana aika leshin Kulonis zuwa Landan, da Pari, da Niyok. Wuyan riga, bakin hannu, safar hannu, har rigar amarya gaba ɗaya. Wadda ta saƙa ba ta taɓa sa irinta ba. Ba ta ma san kuɗin da aka saye ta can ba. Dillalai sun shiga tsakani. A wurare da yawa na Irlanda mai kanti shi ne dillali. Shi ke ba da zare, shi ke karɓar aiki, shi ke yanka farashi. Sau da yawa ba kuɗi yake biya ba, sai shayi da sukari da gari daga kantinsa, bisa farashin da ya ga dama. Wadda ake bi bashi kuwa ba ta da bakin ciniki.

Abin da kasuwar nesa ta ba da, ita ta karɓe. A 1914 yaƙin duniya na farko ya tashi. Bayan yaƙi yayi ya sake, mata suka koma ma tufafi marasa ado da yawa. Injina kuma suna fidda leshi mai araha, yadi bisa yadi. Abin da ya samu kaɗin lilin shi ya samu saƙa. Ƴan mata suka tafi birni aiki. Saƙa ta rage hannun ƴan tsofaffi.

Wajen 1989 wata malamar lakkol mai suna Máire Treanor da wasu matan gari suka kafa ƙungiya don kada sana'ar ta bi tsofaffi kabari. Suka zauna gaban waɗanda suka rage, suka koya, har da ƙullin nan mai wuya. Daga 1990 suka fara taron koyarwa na shekara-shekara, mutane na zuwa daga wasu ƙasashe. A 2002 malamar ta buga littafi, ta sa labarin da yadda ake kowane fure. Asirin da ake turawa ƙarƙashin zane ya hau takarda, duk mai iya karatu ya ɗauka.

Ƙasan gari akwai wata tsohuwar hanyar ruwa da aka haƙa ma jiragen kaya. An rufe ta a 1931, a 2024 aka sake buɗe wani yanki nata. Bakinta akwai tsohon sito na dutse. Cikinsa aka aje tsofaffin leshin garin, bayan gilashi. Baƙo zai ga wuyan riguna da rigunan jarirai, farinsu ya ɗan koma ruwan madara don tsufa. In ya matso kusa sosai zai iya ƙirga kunnuwan furen, hawa uku, da ƴan ƙulle-ƙullen da ke tsakaninsu.